Baƙuwar Mesa a Ƙirjin Kawu

Da hantsi Uwar Mesa ta tura ƙofar ɗakin ɗumi inda take kiwon macizai, ta tarar da yayanta kwance rigingine a kan siminti, wata ƙatuwar mesa ta naɗe a ƙirjinsa, ta ɗora kai daidai maƙogwaronsa. Ita ba ta motsi, shi ba ya motsi. Fitilun da ke ɗumama ɗakin duk a kashe, sai tocilarsa can gefe tana ɗan ja, batirin na shirin mutuwa. Ihu ɗaya ta yi, unguwa ta cika gidan.

Kafin Mai Sawu ya iso, layin ya toshe. Dogon tsoho ne mai ciwon gwiwa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen bin sawun ɓarayi da dabbobin da suka ɓata, shi ya sa 'yan sanda kan aika masa in abu ya cuɗe musu. Yau kam ba wanda ya aika masa. Mamacin, wanda babba da yaro ke kira Kawu, abokin zamansa ne. Benci ɗaya suke rabawa kullum da yamma, suna gardamar da ba ta da kai balle gindi.

"Mun faɗa, mun faɗa, an ce mun cika surutu!" in ji wata mata a bakin ƙofa. "Mace ta tara macizai a tsakiyar mutane wai sana'a. Yau ɗan'uwanta, gobe 'ya'yanmu!"

Wani na riƙe da jarkar fetur, ko ɓoye ta bai yi ba.

Sufeton 'yan sanda ya ja tsohon gefe. "Baba, ka dai ga yadda ake ciki. Zan iya tare su zuwa faɗuwar rana. Bayan nan ita zan tafi da ita, gidan kuwa ba ni da mutanen da za su kwana gadinsa."

"To ka tare su," in ji Mai Sawu. "Ni bari in gaida abokina."

* * *

An riga an ɗauke gawar, an jefa mesar a durom an danne murfin da bulo. Mai Sawu ya tsaya a ƙofa sai da idonsa ya saba. Akwatunan katako ne jere har rufi, kowanne da raga a gaba, ɗakin na warin dusar katako mai laima. Saɓar macizai rataye a ƙusoshi tana kaɗawa a hankali, alhali babu iska. A bayan kowace raga akwai ido yana kallonsa, kuma ba mai ƙiftawa. Gaskiya ɗaya ce, mutumin nan ya bi ɗan fashi har maɓoyarsa bai ji ɗar ba, amma maciji ko a hoto ba ya so.

Uwar Mesa na durƙushe a gefe, idanu sun kumbura. "Malam, wallahi ba tawa ba ce."

"Akwati ɗaya a buɗe babu komai ciki, mesa ɗaya a waje," in ji Sufeto. "In ke ce ni, me za ki ce?"

"Akwatin Toka ne, uwar macizaina. Waccan ba Toka ba ce."

"Mesa ai mesa ce."

Ta ɗago ta dube shi yadda ake duban wanda ya ce duk 'ya'yan mutane kamarsu ɗaya. Ta miƙe ta buɗe wani akwati, ta zaro wata ta ɗora a kafaɗa. "Duba nan. Duk na ɗakin nan jinin Toka ne, marigayi maigidana ya kawo ta daga ƙasar duwatsu. Masu haske ne, launin toka da yashi, zanen bayansu a haɗe yake tun daga wuya har wutsiya. A ɗakin nan aka ƙyanƙyashe su, cikinsu bai taɓa taɓa ƙasa ba."

Mai Sawu ya sa ta buɗe durom ta riƙe masa kan baƙuwar. Ya maƙala tabarau, ya matsa yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Wannan baƙa ce wuluk tana sheƙi, zanenta a yayyanke. A gefen ido da ƙarƙashin haɓa kaska ce ta yi dam, ta ƙoshi da jini. A tsakiyar jiki ga tsohon tabon tarko. Ya sa tsinke ya sakato abin da ke tsakanin ɓawon cikinta, ya murza, ya shinshina: baƙar laka da ruɓaɓɓen itace, masu warin fadama.

"Kaska ba ta haifar kanta a akwati," ya ce. "Wannan daga dajin ruwa ta fito, kuma ba ta daɗe da barinsa ba. Sufeto, akwai cizo a jikin Kawu?"

"Babu. Rauni ne a ƙeya. Mun ɗauka faɗuwa ya yi da ta kama shi."

"Ba ta naɗe abin da ba ta fara kamawa da haƙori ba," in ji Uwar Mesa.

"To me ta hau yi masa a ƙirji?"

Ta mayar da murfin durom. Da ta yi magana, muryar can ƙasa. "Ɗumi. An kashe fitilu, siminti ya yi sanyi. A duk ɗakin nan shi kaɗai ne abu mai ɗumi, sai ta hau ta kwanta."

A cikin durom aka ji mesar tana juyawa, jikinta na gogar ƙarfe.

Mai Sawu ya sunkuya ya dubi ƙasa. Kaico, 'yan kallo sun tattake komai, sawun silifas a kan sawun takalmi a kan sawun ƙafa. Abu ɗaya ya tsira a gefen bango: jan gwiwa da gwiwar hannu a cikin dusa, na mutumin da ya kasa tashi. Abin da ya ɗaure masa kai, jan bai nufi ƙofa ba. Ya taso daga wani faffaɗan akwati a ƙasan kanta, ya nufi can ƙurya inda tsohon firij ke gurnani, a nan aka tsinci gawar.

"Ina hularsa?" ya tambaya. Kawu ko wanka zai shiga sai a bakin ƙofa yake cire ta.

Ba wanda ya gan ta.

"Wannan akwatin fa, na mene ne?"

Sai a lokacin Uwar Mesa ta tuna. Ta faɗa kan akwatin ta ɗage murfi, ta dafe kai. "Wayyo Allah, ƙwan Toka!" Yawancinsu babu. 'Yan kaɗan da suka rage suna kwance cikin dusa, farare, masu taushi, wasu sun ɗan lotsa. Ta ɗauki ɗaya ta juyo shi, ga ɗigon gawayi a ƙasa. Ta ɗauki wani, haka. Duka haka.

"Ni da Yaya muke ɗiga wannan a saman kowane ƙwai ranar da aka saka shi," ta ce. "Ƙwan mesa ba a juya shi, Malam. Ɗan yana manne a sama. In aka kife shi ya kwana, ruwan ciki ya danne shi, ya mutu. Wa zai zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kifewa? Wace irin mugunta ce wannan?"

Mai Sawu ya dubi makunnin fitila can sama a bango, ya dubi ƙwan, ya fita.

* * *

Mutum ɗaya ne a unguwar ke zuwa dajin ruwa: direban motar katako, wanda ake wa laƙabi da Ba-Birki. Mai Sawu ya same shi a ƙarƙashin mota yana kwance wani abu da bai lalace ba.

"Fito, ɗana. Motar lafiyarta ƙalau, kai ne ba ka da ita."

Direba ya fito yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Eh, shi ya kawo baƙuwar mesar. A kogon wani gungume ta biyo shi, sai da ake sauke kaya ta zubo, shi kuwa ya haye kan mota da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ma'aikata ne suka cusa ta a buhu. "Na kai wa Baduku ko zai yi jaka da ita. Baba, ni ko igiya na gani a hanya sai na kauce. Ni da shiga ɗakin can? Haba!"

Mai Sawu ya dube shi sama da ƙasa, ya yarda da rabin maganar.

Baduku na zaune cikin fatu yana zare, bai ko ɗago ba. Kowa ya san shi da Kawu ba sa ga maciji, tun ranar da ya nemi a riƙa sayar masa da macizan da suka tsufa, Kawu ya raka shi har titi da tsintsiya.

"Na ji an ce ni ne," ya ce. "Ai dama in abu ya lalace ni ake tunawa. An kawo min, na duba, tabo ya ɓata tsakiyar fatar, na ce ba na so. Na ajiye buhun a bayan shago kafin mai ita ya dawo. Da na waiwaya, babu."

"Wa ya san tana nan?"

"A shagon aski na ba da labari. Ka ga ke nan duk duniya."

Daga nan Mai Sawu ya ja gwiwarsa zuwa gidan Mai Kaji, ƙanen marigayi mijin Uwar Mesa, wanda ke kawo matattun 'yan tsaki ana ciyar da macizan. Mutum ne mai fara'a, tun safe shi ke ba jama'a haƙuri a ƙofar gidan. Ya tare shi da kujera da ruwan sanyi.

"Baba, abin nan ya girgiza ni. Na sha gaya wa matar yaya ta rabu da halittun nan. Ni ko ƙofar ɗakin ba na ƙetarewa, a waje nake ajiye bokiti in juya."

A bayansa injin ƙyanƙyasa na ta huci a wani ɗaki. Can sai aka ji ƙarar ƙarfe, ƙiii, ta yi shiru.

"Mene ne wancan?"

"Tire ne ke karkata, yana juya ƙwai. In ba a juya ba, ɗan tsako ya manne da ɓawo. Da can da hannu nake yi, safe da yamma, tun ina yaro." Ya yi dariya, ya ɗan gyara tsayuwa ya rufe ƙofar da bayansa. "Da na shigar da kai ka gani, to zafi zai fita."

"A'a, bar shi," in ji Mai Sawu. "Kada zafi ya fita."

Ya sha ruwan, ya yi godiya. A hanya ƙirjinsa ya yi nauyi, don yana son yaron nan, a gabansa ya girma.

* * *

Rana ta yi ja lokacin da ya sa Sufeto ya tara su a ɗakin ɗumi: Direba, Baduku, Mai Kaji, da Uwar Mesa. An kunna fitilu. A waje hayaniya ta ƙaru, ana dukan ƙofar gida da tafin hannu. A ciki kuwa macizan sun matso jikin raga, harsuna na fita suna komawa.

"Ƙafafun jama'a sun cinye min sawu," in ji Mai Sawu. "Saboda haka taimako nake nema. Idona ya tsufa. Ga ƙwan da ɓarawo ya bari, ina so kowa ya duba min ɗaya, ya gaya min da rai ko babu."

Ya miƙa wa kowa ɗaya, ɗigon gawayi a sama.

Direba ya karɓa a tafin hannu ya miƙar da hannun can nesa, ido a rufe. "Baba, don girman Allah karɓi abinka, motsi yake!" Ba motsin da yake, hannunsa ne.

Baduku ya latsa ɓawon da yatsa biyu, ya ja shi kaɗan. "Fata ce, amma ba ta jemuwa." Ya ajiye yadda aka ba shi.

Mai Kaji ya karɓa da yatsu uku. Kafin ya ce komai babban yatsansa ya riga ya mirgina ƙwan, sau ɗaya, sau biyu, ya ɗaga shi saitin ido, ya kare da ɗaya hannun. "A hasken nan ba za a ga komai ba, Baba. Sai an kashe fitila a haska shi da tocila." Ya sake mirgina shi, ya ajiye a dusa a hankali, cikin tausayi, irin ajiyewar wanda ya san darajar ƙwai.

Ɗigon gawayin yana ƙasa.

Uwar Mesa ta kalli ƙwan, ta kalli ƙanen mijinta. Ta ja da baya har ta jingina da akwatuna.

"Ɗazu kin tambaye ni wace irin mugunta ce," in ji Mai Sawu. "Ba mugunta ba ce, sabo ne. Wanda ya shigo ɗakin nan ya zo da baƙuwar mesa a buhu don ya sa ta a akwatin Toka. Ya san in uwa ta yi ƙwai ana barinta ta huta, ba a buɗe ta, sai dai a leƙa ta raga a ga tulin jiki a duhu. A wurinsa mesa mesa ce. Sannan ya kashe fitilu don ya haska ƙwai ya zaɓi masu kyau. Ɓarawon fata ba ruwansa da ƙwai. Mai tsoro ba ya kashe fitila a ɗakin macizai. Wanda ya yi wannan, hannunsa ba ya iya riƙe ƙwai bai juya shi ba. Ya ga waɗanda suka lotsa ya ɗauka baragurbi ne, ya bar su. Yana cikin haka Kawu ya ga duhu ta ƙasan ƙofa, ya shigo da tocila, ɓarawo ya gudu bai rufe akwatin Toka ba."

"Baba, wannan ai zato ne," in ji Mai Kaji, yana murmushin da bai kai ido ba.

"Zato ne. Sufeto, a aika a buɗe ɗakin injinsa. In zafi ya fita, ni zan ba kaji haƙuri."

Ba a kai ga aikawa ba. Mai Kaji ya zauna daɓas a kan siminti, ya dubi hannayensa.

"Toka ta yayana ce," ya ce. "Shi ya kawo ta, ni na riƙe masa buhun. Ya mutu, aka bar ni da kawo bokitin mushe ina ajiyewa a ƙofa. Na ce in na samu uwar da ƙwan, ni ma na kafa nawa kiwon. Kawu kuwa, ture shi kawai na yi, matar yaya. Wallahi ture shi kawai na yi, ya bugu da kanta. Da na fita yana numfashi."

"Yana numfashi," ta maimaita. "Ka fita ka ja masa ƙofa."

An samu Toka a buhun abincin kaji, da ranta. Ƙwan kuwa suna cikin inji, jere tsaf a tire, tun daren jiya ana karkata su dama da hagu. Ko ɗaya bai tsira ba. Sufeto ya fita da Mai Kaji ta gaban jama'a, ya faɗi abin da ya faru a taƙaice. Mai jarkar fetur ya tuna wai dama babur ɗinsa zai zuba wa. Matar da ta fi kowa ihu ta ce ita tun farko jikinta ya ba ta. Direba kuwa aka ɗora masa mayar da baƙuwar dajinsu, ya ce ya yarda, in dai a can bayan mota za ta zauna.

* * *

Gidan ya yi tsit. Uwar Mesa ta mayar da Toka akwatinta, ta tsaya riƙe da murfin.

"Malam, gaya min gaskiya. Ya daɗe?"

Ya so ya yi mata ƙarya, bai iya ba. "Ya daɗe."

"Ɗakina bango ɗaya ne da nan. Da ya ja jiki zuwa ƙofa ya buga, da na ji. Me ya hana shi?"

"Shi ne sawun da ya rage min."

Ya durƙusa, gwiwa na ƙara, ya bi jan nan na gefen bango da rarrafe, yadda abokinsa ya bi shi. Daga akwatin ƙwai, inda dusa ta nuna an dafa an leƙa ciki. Nan ya huta, ga inda goshinsa ya taɓa ƙasa. Nan ya sake ja, da hannu ɗaya kawai, ɗayan bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Har gindin firij. Makunnin fitila ya yi wa mai rarrafe nisa, amma bayan firij, inda injinsa ke aiki, akwai ɗumi. Mai Sawu ya kwantar da kunci a siminti, ya zura hannu ta tsakanin firij da bango. Yatsunsa suka taɓa ƙyalle.

Ya jawo a hankali. Hular Kawu ce, a zaune, bakinta sama, an cika ta da dusa mai laima. A tsakiya ƙwai ɗaya, wanda hannun ɓarawo bai kai gare shi ba, ɗigon gawayinsa na kallon rufi.

Uwar Mesa ta karɓa da hannu biyu ba ta karkata shi ba. Mai Sawu ya miƙe ya kashe fitilu, ya ɗauko tocilar Kawu, ya bubbuga ta a tafin hannu har ta kawo ɗan haske, ya kanga a jikin ɓawon. Ƙwan ya yi ja. Jijiyoyi sirara sun bazu a cikinsa, kuma can sama, daidai ƙarƙashin ɗigon, wani ɗan baƙin abu ya lanƙwashe, ya miƙe.

"Yaya," ta ce, hawaye na zuba. "Kai dai ba ka ji. Ƙofa tana nan, ka tafi can."

Mai Sawu ya share ido da hannun riga. "Haka yake. Ko a benci bai taɓa bin hanyar da aka nuna masa ba." Ya miƙa hannu ya kunna fitilu. "Sa shi a ɗumi. Hular kuma ki bar masa ita har ya fito."